Yatsu Goma Sha Bakwai a Farar Takarda

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya hore mana alƙalami, kuma zai tambaye mu abin da muka rubuta da shi.

Ku samarin da kuka buɗe shagunan kwamfuta a bakin sakatariya, na sha jin kuna cewa aikinmu na da ba aiki ba ne, wai zama ne kawai a inuwa ana danna ƙarfe. Batun inuwa kam ba zan musa muku ba. Akwai wani mangwaro a gefen ƙofar, a gindinsa na yi shekara goma sha huɗu ina rubuta wa jama'ar Suleja da kewaye takardun koke, kuma sanyinsa ya fi na fankar shagonku. Amma aikin ba a yatsu yake ba. Ku gyara zama.

Kayan aikina ba su da yawa. Tebur ne mai aljihu ɗaya, da benci na masu jiran layi, da tafireta wadda na gada daga maigidana. Ribon ɗinta idan ya bushe ba a yar da shi, sai a ɗiga masa man keken ɗinki a naɗe shi ya kwana, washegari ya ƙara mako guda. Takardar kabon kuwa sai mun ɗaga ta sama mun hango rana ta cikinta kafin mu haƙura da ita. Akwai ɗan gwangwanin tawadar dangwale, da tsumman goge yatsa, da ambulan, da kan sarki. Sai babban kayan aikin, wanda ba ku da shi: littafi mai kauri da nake ɗaukar maganar mutum a cikinsa da Ajami. Hannuna a Ajami ya fi bakin mai magana sauri, don da shi na tashi tun ina gaban malaminmu. Boko sai da na girma na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, Turanci kuma na tsince shi a bakin wannan teburin.

Maigidana Malam Isiyaku tsohon akawun En'e ne, dogo, mai ƙarancin magana. Shekarata ta farko a wurinsa bai bar ni na taɓa tafireta ba, sai goge ta. Aikina in zauna in saurara. Na tuna wani Bafulatani da ya zo daga wajen Lambata, an kama masa shanu uku a kan ɓarnar gona. Ya fara labari tun daga kakansa da ya fara sauka a wannan dajin, ya bi ta kan wata annobar shanu, ya shiga rikicin auren ƙanwarsa. Ni dai ina ta rubutu har na cika shafi huɗu. Malam Isiyaku bai katse shi ba sai da ya sauke numfashi, sannan ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. Mutumin ya ce a kira shi a ji nasa bakin kafin a sayar da shanun. Layi biyu ke nan. Malam ya dube ni ya ce to wannan shi ne koken, sauran shafi huɗun haƙƙin kunne ne, kuma wanda bai iya biyan haƙƙin kunne ba ba zai taɓa samun layi biyun ba.

Shi ya kafa mini tsarin aikin, hawa huɗu, ba a tsallake ɗaya kuma ba a juya su. Mutum ya yi magana. Ka rubuta. Ka karanta masa abin da ka rubuta, da harshen da yake ji, a gaban wanda ya rako shi. Idan ya ce haka ne, sannan ya dangwala. Yakan ce yatsan wanda bai iya karatu ba amana ce da ya ajiye a hannunka, domin shi ba ya ganin abin da ke saman yatsan nasa, kai kake gani.

Teburin da ke kusa da nawa na Mista Yohanna ne, tsohon malamin firamare daga kudancin Kaduna, wanda ya yi ritaya ya zauna a nan. Shi ke gyara mini Turanci idan ya karkace, ni kuma in karanta masa takardun gado da na cinikin gona da tsofaffi ke kawowa da Ajami. Yana kirana Malam Dama-zuwa-Hagu, wai duk duniya ta nufi gabas ni na nufi yamma. Ni kuma ina kiransa Lauya Marar Kotu, saboda wani tsohon littafin tsarin mulki da ba ya rabuwa da shi, wanda bangonsa ya yage har ya ɗinke shi da zaren buhu. Ko rigimar akuya aka kawo sai ya buɗe shi. Daga bakinsa na fara jin cewa dokar ƙasa ta hana a yanke wa mutum hukunci ko a karɓe abin hannunsa ba tare da an ji daga gare shi ba. Na ce masa wannan ai mun karanta shi a zaure tun kafin a buga littafinka, alƙali ba ya hukunci da jin ɓangare ɗaya. Ya ce to madalla, ashe daga dama aka fara ko daga hagu, a tsakiyar shafi za a haɗu.

A zamanin kantoma, wato wanda soja suka naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma, takardunmu duk roƙo ne. Gaisuwa ta cinye rabin shafi, sannan a lallaɓa a ce ana neman alfarma. Da aka yi zaɓen kansiloli a farkon shekarun casa'in, lokacin da ake jera layi a bayan hoton ɗan takara ana ƙirga kawuna, sai muryar mutane ta sauya a kan bencina. Wata mai sayar da doya daga hanyar Izom ta zo a kan magudanar ruwan da ke cika mata rumfa. Na fara jero gaisuwar da na saba, ta ce in rage, in rubuta wa kansilan cewa rana ta dake ta tun hantsi har azahar a bayan hotonsa, yanzu shi ma ya zo ya tsaya a cikin ruwan rumfarta. Na rubuta, na ɗan sa masa riga, na karanta mata, ta ce na rage masa gishiri amma ya wuce. Bayan kwana tara aka zo aka yashe magudanar. Waɗannan shekarun su ne masu daɗin aikin. Mutum ya zo da kuka, ya tafi da kwafin takardarsa a aljihu, yana tafiya kamar wanda ya san akwai mai amsa masa.

Sai shekarar wahala ta zo. Aka rushe zaɓaɓɓun, kantoma ya dawo. Mai ya yi wuya, motocin Diko da Lambata suka ragu, takarda ta yi tsada har na koma raba farar takarda biyu. Amma ba tsadar ce ta kashe kasuwar ba. Mutane ne suka ji tsoron sa yatsa. Wani zai zo ya zauna ya faɗi duk abin da ke cinsa, in rubuta, in karanta masa, in buɗe gwangwanin tawada, sai ya dubi ƙofar sakatariya ya ce bari ya je ya yi shawara. Ba ya dawowa. Na koma buga takardun neman aiki ga masu sammakon zuwa Abuja, da katin ɗaurin aure, da wasiƙun samari. Mista Yohanna ya naɗe littafinsa a leda ya tura can ƙuryar aljihun tebur. A wannan shekarar Malam Isiyaku ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Yanzu ga abin da ya sa na tara ku.

Damina ta farko bayan sojoji sun koma bariki, wata Juma'a, ana gab da kiran farko, wani dillalin filaye ya tsaya a gaban teburina. Ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Lokacin filaye sun fara tsada, domin duk wanda hayar Abuja ta kora nan yake faɗowa. Ya miƙo mini farar takarda, samanta babu komai, ƙasanta kuwa yatsu goma sha bakwai a jere, kowanne da suna a gefensa da biro. Ya ce matan wani ƙauyen Gbagyi ne da ke bayan gari, masu ginin tukwane. Wai sun daina ɗibar yumɓu a tsohon raminsu na bakin rafi, sun sami wani, kuma ba su da ja idan hukuma ta ba da wurin ga mai son kafa gidan bulo. Ya ce rafi ya cika, tsofaffi ne, ba za su iya ƙetarowa ba, shi ya sa ya sauƙaƙa musu ya karɓo yatsun, ni dai in cika saman.

Na san tsarin. Na ce masa ba haka ake yi ba. Ya yi dariya ya ce Malam, zamani ya wuce nan, su da kansu suka aiko shi, kuma ga liman zai hau mumbari. Mista Yohanna ya tafi gidan waya, babu wanda zai harare ni. Maganar ta yi kama da gaskiya, rafin nan na san yana cika. Na zura takardar a tafireta, na buga layi shida a saman yatsun mutanen da ban taɓa gani ba, na karɓi ladana, na tafi masallaci.

Bayan kamar mako biyar, da hantsi, mata suka cika bencina har wasu suka zauna a ƙasa. Babbarsu wata dattijuwa ce gajera mai ƙarfin murya, ana kiranta Mama Asabe. Hausarta da nauyin harshensu, amma ba ta ɓata kalma. Ta ce sun wayi gari sun ga an kafa turaku masu jan fenti kewaye da ramin yumɓunsu, an ce kada su ƙara shiga. Ramin nan uwarta ta ɗiba a ciki, kakarta ma haka, kuma duk yankin babu yumɓun da ke jure wuta kamarsa. Da tukwanen suke sayen gishiri da magani, da su suke sa yara makaranta. Sun je wurin kansilansu, ya ce ai ga takarda a fayil, su da kansu suka yarda. Ta ce su dai abin da suka sani, wani mai babbar riga ya zo musu da farar takarda ya ce rijistar takin zamani ce.

Ta kunce bakin zaninta ta ciro kwafin da kansilan ya ba su, ta shimfiɗa mini a tebur, ta ce in rubuta musu koke a kan maƙaryacin da ya buga wannan.

Kowane mai tafireta ya san bugunsa kamar yadda ya san fuskar ɗansa. Na daɗe ina kallon takardar. Mista Yohanna ya leƙo ta kafaɗata, ya gani, ya koma kujerarsa.

Na ce, "Mama, wanda ya buga wannan takardar shi ne zaune a gabanki."

Ta dube ni, ta dubi tafiretar. Ta juya ta faɗa wa sauran da harshensu, wurin ya ɗauki guna-guni. Wata ta miƙe tana nuna ni da yatsa, Mama Asabe ta zaunar da ita. Sannan ta ce, "To Malam Akawu, tunda hannunka ya san hanyar shiga, sai ya nemo hanyar fita."

Na ɗauki maganarsu da Ajami, ɗaya bayan ɗaya, har azahar. Na buga, na karanta musu da Hausa, wata daga cikinsu ta mayar da Gbagyi, suka gyara mini wuri biyu, sannan suka dangwala. Da suka tafi Mista Yohanna ya jawo kujerarsa kusa. Ya ce koken ya yi kyau, amma yanzu fayil yana da takarda biyu, yatsu iri ɗaya, magana ta saɓa, kuma dillalin zai ce mata ne suka ci kuɗi suka sauya ra'ayi. Abu ɗaya ne zai raba gardamar, wanda ya ga takardar tana fara. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa duk wanda ya faɗi haka a gaban majalisa, to ya yi sallama da gindin mangwaro, don babu hukumar da za ta bar mai irin wannan aikin a ƙofarta. Na ce na sani. Ya buɗe aljihun tebur ya warware ledar littafinsa, na ce ya mayar, wannan karon ba sai an duba shafi ba.

Majalisar ƙaramar hukuma ta sa ranar sauraro. Ku da kuka tashi kuka tarar da abin, ba za ku gane yadda ɗakin nan ya kasance mana ba. Shekaru muna miƙa takarda ta taga, ba mu san wanda ke karantawa ba. Ran nan ga kansiloli a jere a kan kujeru, wani tela ne da na sani, wani tsohon direba, wani malamin makaranta, ga shugaban majalisa a tsakiya, ga ƙofa a buɗe, duk mai so ya shigo ya tsaya a baya. Matan suka zauna a gefe guda da laka a ƙafafunsu, don a ƙafa suka ƙetaro rafin da aka ce ba sa iya ƙetarewa.

Dillalin ya fara. Ya iya magana, Allah ya ba shi wannan. Ya ce ga takarda ga yatsu, gwamnati da takarda take aiki ba da hawaye ba, kuma gidan bulo zai ɗauki matasa aiki. Wasu kansilolin suna gyaɗa kai. Aka tambayi Mama Asabe ko yatsanta ne, ta ce nata ne. Dillalin ya buɗe hannuwa ya dubi jama'a.

Sai na ɗaga hannu daga baya. Shugaban majalisa ya san ni, ya ce Malam na gindin mangwaro, me ke tafe da kai. Na matso na faɗi abin da ya faru ranar Juma'ar nan, ban ƙara ba ban rage ba: yatsun sun riga maganar zuwa kan takardar, ni na buga maganar, daga bakin wannan mutumin na ji ta, kuma ban karanta wa ko ɗaya daga cikin matan ba. Dillalin ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Tsohon direban nan ya ce masa ai tsufa mantuwa yake sawa, bai taɓa jin ya sa mutum ya tuno laifin kansa ba. Aka yi dariya, shugaban ya buga tebur.

Wani kansila ya kawo shawarar a mayar da maganar ofis a duba a hankali. Shugaban ya ƙi. Ya ce masu yatsun suna nan zaune, babu dalilin tambayar takarda alhali ga mutane. Ya sa aka karanta layi shidan nan da ƙarfi, aka fassara da Gbagyi, sannan aka riƙa kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta miƙe, a tambaye ta ko ta faɗi haka, ta ce ba ta faɗa ba. Goma sha bakwai, har wata mai sanda da sai da aka ɗaga ta. An ɗauki lokaci, ana ta zufa, amma bai tsallake ko ɗaya ba. Da aka gama aka ƙirga hannun kansiloli. Biyu suka ƙi ɗagawa, sauran suka ɗaga. Aka soke bayar da wurin, aka ce a cire turakun kafin mako, aka miƙa batun dillalin inda ya dace.

Sannan shugaban ya juyo kaina. Ya ce majalisa ta gode da gaskiyar da na faɗa, amma gaskiyar ba ta goge aikin ba, kuma daga yau ba za a ƙara karɓar takarda daga teburin da ke bakin ƙofa da sunana ba. Na ce hukuncin ya yi daidai. Da Malam Isiyaku ne a kujerar, da abin da zai yi ya fi haka.

Bayan la'asar na kwashe kayana. Wani mai shayi a bakin tasha ya ce in zo in raɓa a gefen rumfarsa. Mista Yohanna ya kama tebur ta gaba na kama ta baya, yana ta mitar cewa yanzu wa zai karanta masa rubutun tsutsa, wato Ajami. Matsalar ita ce tafireta, don ba a ɗora ta a tebur ana tafiya, kuma babu mai kura kusa. Ina tsaye ina tunanin sawu biyu, sai ga matan sun fito daga sakatariya za su kama hanyar gida. Mama Asabe ta tsaya, ta dubi teburin a hannunmu, ta dubi tafiretar a ƙasa. Ta naɗe ɗan tsumma ta ɗora a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya, ta sunkuya ta saɓa ta, ta ce in wuce gaba in nuna hanya.

Haka muka ratsa gari, tsofaffi biyu da tebur, dattijuwa da tafireta a kafaɗa, mata goma sha shida a baya, masu shaguna suna leƙowa. Da muka isa tasha ta sauke ta a kan teburin a hankali, ta murza kafaɗarta, ta tsaya tana kallonta.

Ta ce, "Wannan ƙarfen ne ya so ya cinye mana rami? Ko tulu ɗaya bai kai nauyi ba."

Ta gyara zaninta, ta kira sauran, suka tafi don su ƙetare rafi da sauran rana.